Goɗiyar da Ba Ta Zaguwa

Cwm Helyg, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanena Gethin,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da 'yan dodanninka. Na ɗauki biro ne don na gaji da kiran wayar da ba a ɗagawa. Kullum hannunka na cikin yumɓu, kullum! To, takarda dai ba ta bukatar a danna mata komai. Goge hannu ka karanta.

Jikin Baba da sauƙi, wato yana ci yana barci. Magana ce babu. Tun lokacin haihuwar tumaki rabon da ya haɗa kalma biyu, kuma kallon da yake min irin na wadda ta zo karanta mitar wuta ne. Kwanan baya na tsinto shi a bakin rafi da silifas, ruwa na dukansa. Bayana kuma ya daina yarda in ɗaga shi. An samar masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi, zai koma tsakiyar Janairu. Kada ka rubuto min ra'ayinka a kan wannan, ban tambaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga abin da ya sa na neme ka. Bara da Kawu Trefor ya kawo Mari, goɗiyar wasanmu ta lokacin Kirsimeti, ƙofarmu ba ka nan, kana wajen baje kolinka. Sun tsaya a waje yadda aka saba, ƙoƙon kan goɗiyar a kan sanda, surukinsa Emlyn a ƙarƙashin farin zanen yana ta kaɗa mata muƙamuƙi, shi kuma Kawu ya rera baitin neman a buɗe. Ni ina ciki ina zufa, don ka san ban iya mayar da zambo ba, kuma gidan da ya kasa mayarwa dole ya buɗe ya fito da giya da waina. Ina shirin jan sakata sai na ji murya a bayana. Baba ne, Gethin. Mutumin da a safiyar ranar ya kasa tuna sunan cokali. Ya zagi haƙoranta, ya zagi idanun kwalbarta, ya ce ya ga buhun dankali da ya fi ta fasali, ya gangaro kan sanƙon Kawu Trefor ya yi masa tas. Baiti kan baiti, babu tuntuɓe. Da ƙyar suka kayar da shi suka shigo. Na tsaya riƙe da faranti ina kuka, babu wanda ya lura.

Ina so in sake jin muryar nan sau ɗaya kafin ya bar gidan nan. Iyakar abin da nake so ke nan.

Matsalar ita ce Mari ta lalace. Da na hau ma'ajiyar da ke rufin ɗaki in sauko da ita, na tarar ɓeraye sun cinye kunnuwan fatar, garin saukowa kuma ta suɓuce min, muƙamuƙin ya tsage ta hagu. Kai ne baduku a zuriyar nan, ko da yake ba ka son a faɗa. Zan aiko maka da ita a motar da ke kai ulu arewa. Kunne biyu, muƙamuƙi ɗaya. Ka karanta wannan layin sau biyu, don na san ka.

Ka huta lafiya.
Yayarka,
Tegwen

Caernarfon, 14 ga Nuwamba

Yaya Tegwen,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ki gaishe min da Baba, ko da ba zai amsa ba, ki riƙe masa hannu ki ce daga ni ne.

Da farko, ba dodanni ba ne. Waɗanda nake kan yi yanzu karnukan Annwn ne, fararen nan masu jan kunne da kakanninmu suka ce suna fitowa farauta daga ƙarƙashin tuddai, sai kuma wani mai ƙahon barewa da ya ci min wata uku. Na biyu, baduku takalmi yake yi da linzami. Amma na bar ki, ke babba ce.

Akwatin ya iso. Na ɗora ta a kan teburin aiki na zauna a gabanta har shayina ya huce. Yaya, mun girma da ita a rufin ɗakinmu, amma wallahi ban taɓa kallonta ba sai yanzu. Ƙashin goshinta kaɗai abin a tsaya a duba ne. Wanda ya liƙa mata gindin kwalabe a matsayin ido, Allah ya yafe masa.

Kunnuwa ba matsala. Zan jiƙa fatar sa mai kauri a ruwan ɗumi, in lanƙwasa ta tana da laushi, in ta bushe in shafe ta da kakin zuma, ba ɓeran da zai ƙara sha'awarta. Muƙamuƙin ne da magana. Tsagar ta wuce inda kika gani, ta hau har gindin ido. Sai na tallafe ta da yumɓun roba, irin wanda nake gasawa a tanda ya yi tauri. Tunda kan ba zai shiga tandata ba, zan gina yumɓun gunduwa-gunduwa, in gasa, sannan in manna. Kuma tunda dole in sa a hagu, dole in sa a dama, in ba haka ba fuskar za ta karkace. Kuma tunda kumatun za su fito sabbi, goshin zai zama kamar an manta da shi.

Kada ki damu da komai. Wannan ce fitarta ta ƙarshe gaban Baba, kuma ina so ya ga abin da bai taɓa gani ba.

Naki da biyayya,
Gethin

Cwm Helyg, 6 ga Disamba

Gethin,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka, kuma kowane "tunda" da na ci karo da shi sai da gabana ya faɗi. Wa ya ce maka Baba na bukatar abin da bai taɓa gani ba? Mutumin da abin da ya saba gani ma yake ɓace masa?

Ina Mari? Kawu Trefor kullum sai ya biyo, wai ya zo duba Baba, amma idonsa na kan ƙofar rufin ɗaki. Jiya ya cinye min rabin waina yana ba ni labarin yadda kakanmu ya haƙo kan nan daga inda aka binne goɗiyar, labarin da na ji tun ban yi haƙori ba. Ya ce shi da zai ɗaure muƙamuƙin da waya a yini ɗaya. Na ce ai ƙanena gwani ne. Kada ka sa in haɗiye maganata.

Za su fita washegarin Kirsimeti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka aiko ta.

Tegwen

Caernarfon, 18 ga Disamba

Yaya Tegwen,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri kan jinkiri. Ta taso, gobe za ta iso gare ki. Sati biyu ban yi barcin kirki ba, yatsuna duk sun yi kanta, amma zan faɗa miki ba tare da kunya ba: tun da na fara sana'ar nan hannuna bai taɓa fitar da kamarta ba.

Kunnuwan suna nan, biyu, kamar yadda kika ce. Muƙamuƙin yana motsi. Bayan haka na rufe goshin da fata guda, na sassaƙa mata saƙar igiyar nan tamu da ba a gane farkonta balle ƙarshenta, na rina ta shuɗi mai duhu, na bi layukan da ruwan azurfa. Kumatun ganyen itacen oak ne na yumɓu, kowane ganye da jijiyoyinsa, a tsakaninsu na ɓoye 'yan tsuntsaye, sai mai haƙuri zai same su duka. Idanun ne suka fi wahalar da ni. Na yi su hawa-hawa da yumɓu mai ɗaukar haske, na gasa, na goge, na sake gasawa, har sai da suka fara bin mutum da kallo. Ba tsohuwar goɗiyar gona ba ce yanzu, Yaya. Ita ce wadda ke fitowa daga cikin tudu a mutuwar shekara.

'Yan sharuɗɗa. A ɗaga ta daga ƙasa, ba ta kunne ba. Kada a ajiye ta kusa da murhu. A gaya wa Emlyn ya rage kaɗa muƙamuƙin da ƙarfi, kuma zai fi kyau ya daina bin yara da gudu yana cizon su.

Ba zan samu zuwa Kirsimeti ba, akwai mai gidan nune-nune da zai zo ganin karnukan. Ki ɗaukar min hoton fuskar Baba lokacin da ya gan ta.

Naki,
Gethin

Cwm Helyg, 27 ga Disamba

Gethin,

Gaisuwa ɗaya tak, don ita ma da ƙyar ta fito.

Tana da kyau. Na faɗa, ka ji, ka ajiye a aljihu. Da na buɗe akwatin sai da na nemi kujera na zauna. Kawu Trefor ya zagaya ta ya sake zagayawa, ya ce, "Wannan amaryar wa ce?" Emlyn kuwa sai da ya je ya wanke hannu kafin ya taɓa ta. Emlyn fa, wanda ke cin burodi da hannun da ya gama jan ɗan rago daga cikin uwarsa!

Yanzu bari ka ji abin da kyawun ya jawo. Sun fara daga gidajen gangare da yamma. A gidan farko Kawu ya gyara murya, ya buɗe baki ke nan, baiti bai fito ba aka wangale ƙofa. Sun hango ta ta taga, kowa ya fito da waya a hannu. "Kai! Dubi idanun!" "Emlyn, juyo da ita nan, haske ya fi." Wata ta miƙa jaririnta a yi musu hoto tare. Yaran da bara suke shigewa ƙarƙashin tebur suna ihu, bana layi suka yi suna ƙirga tsuntsaye. Gida na biyu haka, na uku haka. A gidan su Meurig, da ya fi kowa ƙazamin baki a kwarin nan bayan Baba, Kawu ya roƙe shi, ya ce, "Kai Meurig, koma ciki ka rufe ƙofa ka zage mu mana!" Meurig ya sosa ƙeya ya ce, "To in ce mata me, Trefor? Ka duba ta fa."

Ka gane abin da ka yi? Mari abin zagi ce. Don haka take da haƙoran jaki da idon kwalba, don kowane ƙaton banza ya samu abin faɗa. Kai kuma ka zauna sati shida ka toshe duk wata kafa da zagi zai shiga. Garin gyaran gira ka tsone ido.

Kafin su iso gidanmu rabin gari na biye da su kamar an ɗauko amarya. Na kulle ƙofa, na zaunar da Baba a kujerarsa, na shiga kicin in sauke waina. Glenys maƙwabciyarmu ce ke zaune da shi. Tana jin hayaniya ta leƙa, sai na jiyo ta tana cewa, "Idwal, tashi ka ga ikon Allah!" Kafin in ajiye kasko ta zare sakata. Mari ta shigo falonmu a tsanake, ba baiti, ba amsa, Emlyn na tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Ka ce in ɗauki hoton fuskarsa. Ban ɗauka ba, amma zan faɗa maka. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sannan ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, yadda yake yi in ana wucewa da gawa. Bai san ta ba, Gethin. Baƙuwa ce mai daraja ta shigo masa gida, shi kuma mutum ne mai ladabi.

Kawu Trefor ya jefar da linzamin a kan tabarmar ƙofa ya fita, ko giyar bai taɓa ba.

Saura rana guda, shida ga Janairu, ranar da ake sauke adon Kirsimeti. Bayanta Mari ba ta fita sai wata shekara, kuma wata shekarar Baba ba ya gidan nan. Ka zo ka ɓamɓare ganyayenka da tsuntsayenka, ka mayar mata da muninta. Ban damu da sati nawa suka ci maka ba.

Tegwen

Cwm Helyg, 28 ga Disamba

Zuwa ga Gethin ɗan Idwal,

Ina gaishe ka gaisuwar da ta kamata, domin darajar mahaifinka.

Ban saba rubuta wasiƙa ba, zan taƙaita. Tun ubanka yana da gashi ni ma ina da shi muke jan goɗiyar nan. An watsa mana ruwan wanke-wanke daga bene. An sakar mana kare. An taɓa tsayar da mu a ƙofa guda cikin ƙanƙara har yatsun ƙafata suka mutu, matar gidan na rera abubuwa a kan hancina waɗanda har yau ban gaya wa iyalina ba. Duk wannan ban taɓa jin an wulaƙanta ni ba.

Shekaranjiya wata yarinya ta ce in ɗan matsa gefe, ina tare mata hoto.

Don haka ina sanar da kai na sauka. Ba zan ƙara riƙe linzamin wannan abin ba, Emlyn ma na hana shi shiga ƙarƙashinta. Aikinka yana da kyau, kowa ya faɗa, ni ma ba makaho ba ne. Ka kai ta inda ake sa abubuwa a gilashi. Amma ka sani abokina yana zaune a kujera da bakinsa cike da baitoci, kai kuma ka ɗauke masa abin da zai jefa da su.

Allah ya ba ka abin da kake nema.

Trefor Pugh

Caernarfon, 1 ga Janairu

Yaya Tegwen,

Barka da sabuwar shekara, in har akwai sauran barka tsakaninmu. Takardarki da ta Kawu Trefor sun iso tare, na karanta su a tsaye.

Haba Yaya! Wai ni ne na zare sakatar, ko Glenys? Ni na ce mutanen Cwm Helyg su zama 'yan kallo a ƙofar gidajensu? Mutum ya ba da idonsa da barcinsa, a ce laifinsa shi ne abin ya yi kyau da yawa. Wannan shari'ar ban taɓa jin irinta ba. Na yi kwana biyu ina rubuta miki amsa mai zafi a kaina, har na ƙona wani kunnen kare a tanda, gidan duk ya ɗauki warin roba.

Sai dai maganar hular nan ta hana ni sakat.

Ga gaskiyar da ba za ki so ba: ba ya ɓamɓaruwa. Gam ɗin da na manna yumɓun da shi ya fi ƙashin ƙarfi. Ƙashin nan ya tsufa, yana marmashewa kamar busasshen burodi. In na sa wuƙa na ɗaga ganye ɗaya, da kumatun zai taho. Ko dai wannan Mari ɗin, ko kuma tarin gutsattsari a cikin bokiti. Na yi aikin ne don ya daɗe, kuma ga shi zai daɗe.

Zan zo ranar shida. Tunda Kawu ya sauka ya kuma janye Emlyn, ni zan shiga ƙarƙashin zanen, ni zan rera. Na san abin da za ki ce, cewa mai ɗauke da kai ba ya waƙa, kuma malamin coci da kansa ya roƙe ni in riƙa motsa baki kawai in ana waƙa, tun ina ɗan shekara tara. Ban manta ba. In kina da wani sai ki kawo shi.

Ki ajiye ta a garke, zan ɗauke ta daga can. Ki ja labule. Ki aiki Glenys wani gari.

Gethin

Cwm Helyg, 8 ga Janairu

Gethin, kai dai Allah ya shirye ka,

Ina gaishe ka, da fatan ka isa lafiya, tunda ba ka ga damar tsayawa ka faɗa da bakinka ba. Wane irin mutum ne zai tuƙo mota tun daga arewa, ya tsaya a ƙofar gidan ubansa, ya juya ko shayi bai sha ba? Na zagaya ta baya ina kiranka, sai na tarar da Mari a garke ka lulluɓe ta da kwat ɗinka, motarka kuma babu. Ita ka bar wa kwat ɗin, kai ka tafi a jiƙe. Wannan kai ne sak.

Ka ji abin da ya fito ta ƙofa, amma ba ka ga cikin ɗakin ba, don haka zauna.

Da almuru na ja labule, na sa sakata, na juya kujerarsa ta fuskanci ƙofa. Yini guda bai dube ni ba. Muka ji takunka, muka ji ka yi karo da tukunyar furena, ta fashe, za mu yi wannan maganar daga baya. Sannan ka fara. Gethin, na san ba ka iya ba, amma ban san abin ya kai haka ba.

"Ga mu nan mun zo ƙofa,
Da goɗiya mai kyau ƙwarai,
A buɗe mana saboda sanyi,
Kuma, kuma ana ruwan sama."

Wannan baiti ne ko rahoton yanayi? Na rufe fuska da tawul ɗin kicin don kunya. Ka yi shiru kana jira, ba amsa, sai ka sake maimaita shi, da ƙarfi, a wata muryar daban wadda ita ma ba daidai ba. A nan na ga yatsun Baba sun fara motsi a hannun kujera. A karo na uku ya yamutsa fuska kamar ya tauna tsakuwa a cikin wake. A na huɗu ya ce, "Kai!" Ya dafa kafaɗata ya miƙe da kansa, ya tako har jikin ƙofa.

"Wane ne ke gurnani a ƙofa,
Kamar maraƙin da ya rasa uwa?
In waƙa ce ka zo da ita,
Mayar da abarka, ba mu saya ba."

Ba irin muryar bara ba ce, ta fi ta. Bara wasa yake yi. Bana haushi ne na gaske, jijiyar wuyansa har ta tashi. Ka mayar masa da wani abu a kan ganyen oak, ban ma gane ba, shi kuwa ko numfashi bai ja ba.

"Tumakina sun fi ka murya,
Ƙyauren garke ya fi ka kiɗa.
Ka zo neman giya da waina,
Ko ruwan wanke kofi ba ka sha."

Daga nan na daina ƙirgawa. Duk baitin da ka jefo, kafin ya sauka ya tare shi. Ko sau ɗaya bai taɓa goɗiyar ba, bai gan ta ba, bai tambaye ta ba, kai kaɗai ka ishe shi. Ina dariya ina share hanci da tawul ɗin, har ya juyo ya harare ni don ina ɓata masa kiɗa. Sai ya kara kunne a jikin katakon, ya saurara, ya rera wancan da ya rufe maka baki.

"Kai Gethin, na gane muryar nan,
Tun kana goye take hakan nan.
Uwarka in ta rera, coci tsit,
Kai ka rera, karnuka sun bar garin nan."

Na jira amsarka, shi ma ya jira. Sai ƙarar ruwa kawai. Ban san me kake yi a ƙarƙashin zanen nan ba, kuma ba zan tambaya ba. Na kai hannu kan sakata, don a ganina ko an ci ka ko ba a ci ka ba, ɗan gida ne kai, ga ruwa. Sai ya riƙe min wuyan hannu. Wannan ne ba ka ji ba, don a hankali ya faɗa.

Ya ce, "Tegwen, kada ki buɗe."

Sunana, Gethin. Da ka ji yadda ya fito, kamar bai taɓa ɓata ba. Na ce, "Baba, ɗanka ne fa, yana jiƙewa." Ya ce, "Na sani. An ci shi. Ba a buɗe wa wanda aka ci, in aka buɗe ba zai taɓa koyo ba." Ya koma ya zauna, ya gyara hularsa, yana ta huci irin na wanda ya gama aiki. Ya ce in ba shi wainar tunda baƙin ba su ci ba, ya cinye uku. Can ya ce, "Ki gaya masa ya je ya koyo. Ya dawo baɗi, ina nan."

Na ɗauke farantin na koma kicin.

Washegari ya koma shirunsa, har yau. Na fara haɗa masa kaya, mako mai zuwa za mu tafi. Kawu Trefor ya biyo da safe, wai wucewa yake yi, amma ya san baitocin duka, har wanda ni na manta, kuma wandonsa na wancan daren da ke rataye a igiyarsu duk ƙayar shingenmu ce, ka ga inda ya laɓe ke nan. Ya ce tun da aka kafa kwarin nan ba a taɓa jin Mari ta koma ba ta shiga gidan Idwal ba, kuma ba a taɓa jin waƙa mai muni irin taka ba. Yana faɗa yana goge ido.

Na samu abin da na roƙa. Har yanzu ina jin haushinka, kada ka ɗauka ya wuce, kuma kwat ɗinka na nan yana warin garke.

Ka huta lafiya.
Yayarka,
Tegwen

Caernarfon, 11 ga Janairu

Yaya,

Ina gaisuwa. Mura ta kama ni, na gode da tambaya.

Ban amsa baitin ƙarshe ba ne don ruwa ya shige min maƙogwaro. In ya tambaya, ki ce ya ci ni da gaskiya.

Zan zo in kama muku kaya ranar tafiya. In mun isa, ki tambayi masu gidan ko ɗakinsa yana da ƙofar da ake rufewa daga ciki, kuma ko dokarsu ta hana goɗiya shiga baranda a watan Janairu. Ki gaya wa Kawu Trefor ina neman malami. Amma ki ja masa kunne, kada ya koya min sosai.

Naki,
Gethin